Mayar da hedikwatar kamfani daga Kano zuwa Legas: me ake ɗauka, me ake bari?

Bakanon Ikeja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce ga masu sanin harkar kamfanoni da haraji. A ɗauka kamfani ne mai matse man gyaɗa da na waken soya, masana'antarsa tana Sharaɗa a Kano, ma'aikata kamar 160, daga ciki 40 na ofis ne. Kayan gyaran injina da sinadarai ta tashar jirgin ruwa ta Apapa suke shigowa. Manyan masu saye guda 3 kamfanonin abinci ne na Ikeja da Agbara, kuma duk rancen banki a Legas ake sa masa hannu. Amma fiye da rabin ciniki har gobe na diloli ne, 'yan Singa da Dawanau da na Gusau da Maiduguri. Daraktoci sun rabu biyu, wasu na cewa a kwaso hedikwata a dawo Legas, wasu na cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi. Waɗanne matakai ake bi? Haraji zai ƙaru? Kuma mene ne ya fi lalacewa idan aka yi irin wannan ƙaura?

Lauyan Obalende

Wa alaikumus salam, Malam. Kalmar hedikwata ce take raba kan daraktocin, domin abu uku aka cusa a cikinta: adireshin da ke rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, wurin da masu yanke shawara suke zama, da wurin da aikin yake gudana. Kowanne ana iya ɗaga shi a bar sauran a inda suke.

Na rajista shi ne mafi sauƙi. Kundin kafa kamfani cewa kawai yake yi ofishin zai kasance a Najeriya, bai ambaci jiha ba, don haka ba sai an taɓa shi ba. Daraktoci su zauna su zartar da ƙuduri, sakataren kamfani ya shigar da sanarwa ga CAC cikin kwana 14 da canjin, kamar yadda dokar kamfanoni ta CAMA ta tanada. Dole ya zama gini ne mai lamba da titi, akwatin gidan waya shi kaɗai ba ya karɓuwa. Lambar rajistar kamfani, wato RC, ba ta canzawa.

Inda ake shan kashi shi ne sammaci. Wannan adireshin ne wurin da doka ta yarda a kai wa kamfani takardun kotu. In an tashi ba a sanar ba, sai a miƙa wa mai gadin tsohon gini, ya jefa a durowa, wa'adin amsawa ya wuce, a yanke hukunci ba ku nan, sai dai ku ji banki ya riƙe asusu. Haka nan in kun mayar da adireshin Legas, kun buɗe wa masu ƙara ƙofar kotunan Legas, domin a rikicin kwangila ana iya shigar da ƙara inda wanda ake ƙara yake zaune ko yake kasuwanci. A duba yarjejeniyoyin rance kuma, yawancinsu suna da sharaɗin sanar da banki kafin canza adireshi. Inshora ma da wuri take ɗaure, kwamfutoci da takardun da aka kai sabon gini ba su shiga ciki ba sai kamfanin inshora ya ƙara wurin a rubuce. Rajistar NAFDAC da ta SON, hukumar kula da ingancin kaya, kuwa da masana'anta suke tafiya, tunda injina suna nan Sharaɗa kada a taɓa su. Sai dai a lura da katan da lakabin da aka riga aka buga da tsohon adireshin ofis.

Maganar haya: dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara 1 daga sabon ɗan haya, amma ta cire Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island. Wato daidai wuraren da kamfani yake neman ofis, can mai gida zai iya cewa shekara 2 ko ka bar masa gininsa. Hayar da ta haura shekara 3 tana buƙatar cikakkiyar yarjejeniya mai hatimi da amincewar gwamna da rajista, shi ya sa za ka ga ana rubuta shekara 2 ko 3 da damar sabuntawa. Sannan gidaje da yawa da ake kira ofis a Lekki da Surulere da GRA gidajen zama ne a takarda. A nemi ganin izinin canza amfanin gini daga LASPPPA, hukumar ba da izinin gini ta Legas, tun kafin a biya, in ba haka ba wata safiya sai a tarar da jan fenti da kwaɗo a ƙofa.

Akawun Marina

Barista ya gama da takardu, bari in ɗauki haraji, domin a nan ne aka fi yaɗa jita-jita.

Harajin ribar kamfani na gwamnatin tarayya ne, ko kana Bompai ko kana Ikoyi lissafi ɗaya ne. Hukumar da aka sani da FIRS, wadda sabbin dokokin haraji na 2025 suka mayar NRS, ita ke karɓa, lambar haraji ba ta canzawa. Abin da ke motsawa shi ne fayil ɗinku, daga ofishin hukumar na Kano zuwa na Legas, kuma ba a sakin fayil mai bashi ko binciken da ba a rufe ba. A karɓi takardar shaidar biyan haraji ta shekarar tukuna, sannan a nemi canjin. In aka yi akasin haka, fayil yana hanya, babban mai saye yana neman takardar, ku kuna tsakiya.

VAT, harajin sayen kaya, ma haka, kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020 ko'ina a ƙasar. Rigimar da kuka ji a ƙarshen 2024, lokacin da gwamnonin Arewa suka ƙi ƙudurorin haraji, ba a kan abin da kamfani ke biya ba ce, a kan rabon kuɗin ne tsakanin jihohi. A tsohon tsari VAT ɗin da kamfani ya tara daga duk faɗin ƙasa ana lissafa shi ne a inda hedikwatarsa take biya, Legas ta riƙa cin moriyar cinikin da aka yi a Kano da Aba. Sabon tsari ya karkata ga inda aka yi amfani da kayan. Abin da ya shafe ku a nan ɗaya ne: littafin cinikinku ya riƙa nuna jihar da kowace mota ta sauke kaya.

Wanda ke canzawa da gaske shi ne PAYE, harajin albashi. Ba ya bin hedikwata, yana bin inda ma'aikaci yake kwana. Masu aikin masana'anta nasu yana nan wurin KIRS, hukumar harajin jihar Kano. Waɗanda suka dawo Legas nasu na LIRS ne, hukumar harajin jihar Legas, sai kamfani ya yi rajista da ita, ya riƙa biya kafin 10 ga wata mai zuwa, ya kai bayanin shekara kafin ƙarshen Janairu. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce inda mutum yake zaune ranar 1 ga Janairu, nan ne jiharsa ta wannan shekarar. Wanda ya taso a Agusta, harajinsa na Kano ne har Disamba. Kuskuren da ya fi yawa: ma'aikaci yana aiki a Ikeja amma yana kwana a Akute, Mowe, Ibafo ko Sango Ota. Wannan jihar Ogun ce. In kun zuba nasa a Legas, Ogun za ta zo bincike ta nemi kuɗinta da tara, kuma karɓo abin da aka riga aka biya wata jiha ba wasa ba ne. A karɓi adireshin gidan kowa a rubuce.

Kuɗin haya kuma ana cire kashi 10 a kai wa hukuma, ta tarayya in mai ginin kamfani ne, LIRS in mutum ne. Masu gidaje da yawa suna cewa kuɗinsu cif suke so, ma'ana ku za ku ɗora wannan kashi 10 daga aljihunku. Ku haɗa da la'adar dillali da kuɗin lauya, waɗanda a al'ada kowanne kashi 10 ake nema, da kuɗin ajiya na ɓarna, da kuɗin hidimar gini na gadi da shara da lifta da man janareta, wanda a manyan gine-gine yakan zama wata haya ta biyu. Harajin fili na jiha a ƙa'ida na mai gini ne, amma ana yawan tura shi kan ɗan haya ta cikin yarjejeniya, a karanta da kyau. Ko allon sunan kamfani a bango sai an biya LASAA, hukumar allunan talla ta Legas. Wuta kuma a tambayi rukunin layin: Band A an yi masa alkawarin awa 20 a rana, amma a Afrilun 2024 aka kai shi naira 225 kowane yunit.

A taƙaice haraji ba shi ne zai hana ko ya sa a taso ba. Kuɗin zama ne mai nauyi.

Dattijon Agege

Sannunku da ƙoƙari. Duk abin da Barista da Akawu suka faɗa kuɗi da haƙuri suna gyara shi. Abin da ba ya gyaruwa da wuri shi ne dilolin nan da Malam ya ce su ne fiye da rabin ciniki.

Ku dubi yadda ake sayar da tirelar mai a Kano. Dila zai shigo bayan Azahar, a gaisa, a tambayi iyali da kasuwa, sannan ya ce yana son mota 2, zai kawo rabi yau, saura bayan sati 2. Manaja ya dube shi ya ce a loda. Jinginarsa sunansa ne da wanda ya fara kawo shi. Kuma manajan ba caca yake yi ba, yana da labari. Ya san wanda kayansa suka maƙale a hanyar Maiduguri, wanda ya shiga harkar fili kuɗinsa ya kwanta, wanda 'yan uwansa suke rabon gado. Wannan labarin ba a cikin takardar banki yake ba, a masallaci yake, a ɗaurin aure da zaman makoki da majalisar yamma. Ranar da aka ce ba a ba da bashi sai Legas ta amince, an yanke wannan jijiyar. Sai a aiko wa Alhajin da ya shekara 15 yana sayen kayanku fom ya cike, ya kawo bayanin asusunsa na wata 6 da lamunin banki. Shi a wurinsa an ce ba a yarda da shi ba ke nan, ga shi da yawansu suna gudun duk abin da zai haɗa su da kuɗin ruwa. Kuma ba zai yi faɗa ba. Zai ce ba komai, Allah ya kai mu, sai na waiwayo. Wanda ke zaune a Victoria Island zai rubuta cewa an daidaita. Bayan wata 3 a ga odarsa ta koma wani kamfanin a Challawa.

Sayen ɗanyen kaya ya ma fi wannan tsanani. Gyaɗa da waken soya da kaka ake tara su, daga Oktoba zuwa Disamba, kuɗi hannu, kuma farashi a Dawanau yana iya motsawa tsakanin safe da La'asar. Wakilin da zai jira sa hannun mutum 3 a Legas, ɗaya yana taro ɗaya yana kan gadar Third Mainland, kafin amsa ta zo wani ya kwashe buhunan. Ikon saye da ikon ba da bashi, waɗannan biyun ba sa hawa jirgi.

Masu sayen Ikeja da Agbara kuwa wata duniya ce. Sai an yi muku rajistar mai kawo kaya, da takardun CAC da na haraji, su turo masu duba masana'anta da ingancin mai. Ba a loda mota sai da takardar oda mai lamba. In an sauke, sai ma'ajiyarsu ta ba da shaidar karɓa, sannan ku kai takardar neman biya, kuma kwana 30 ko 60 ɗin da aka yi alkawari daga ranar da suka karɓi wannan takardar ake ƙirgawa, ba daga ranar sauke kaya ba. Lamba ɗaya ta saɓa, a dawo muku da ita, ƙirga ya koma farko. Sanin babban manaja ba ya sa a biya ka, sanin akawun da takardar take kan teburinsa ya fi amfani. Wannan aikin lallai yana son mutum a Legas wanda zai taka da ƙafarsa, zuwa da kai ya fi saƙo. Haka ma tashar ruwa: takardun shigo da kaya ta banki ake yi a kwamfuta daga ko'ina, amma duba kwantena da sakin kamfanin jirgi da neman layin mota a Eto, tsarin kiran manyan motoci shiga tasha, suna son ido, kowace rana ta jinkiri kuɗi ce.

Kada kuma a ɗauka ina cewa Arewa amana, Kudu takarda. Ku shiga Oke-Arin ko Idumota ko Alaba ku ga bashin baki da ƙungiyar kasuwa da girmama na gaba, har sun fi mu tsari a wasu wuraren. Bayerabe ɗan kasuwa yana lura da wanda ya zo bikinsa da wanda ya kira shi da sarautarsa kamar yadda Bakano yake lura. Bambancin na tsakanin kasuwa ne da ofishin babban kamfani, sai dai Legas ta fi tara irin waɗannan ofisoshin. Tsarin namu ma yana da ramukansa: bashi a kan mutum ɗaya ba a rubuce ba, ɗan uwa a kan kujerar da bai iya ba, maigida ya kwanta ciwo komai ya tsaya.

Za a kawo muku misalin Dangote da BUA, 'yan Kano masu hedikwata a Ikoyi da Victoria Island. Gaskiya ne, amma su da shigo da kaya ta ruwa suka girma, bakin teku shi ne gonarsu. Ku gonarku tana Dawanau.

Hajiyar Surulere

Baba Dattijo, na yarda da kusan duka, amma kun yi wa daraktocin da ke son tasowa rowar hujja. Kwamitocin rance na kusan duk manyan bankuna a nan suke, kasuwar hannun jari tana nan, ko Babban Banki a Janairun 2024 ya dawo da sashen sa ido kan bankuna da wasu sassa Legas, hukumar filayen jiragen sama ta FAAN ma ta dawo da hedikwatarta a wannan lokacin. Shugaban kamfani da daraktan kuɗi da ke zuwa sau ɗaya a wata ba daidai suke da waɗanda ake gani kullum ba. Kuma ƙwararrun harkar kuɗi da talla sun fi samuwa a nan.

Ni ma'aikata 40 ɗin nan ne damuwata. A fara da takardar ɗaukar kowa aiki. In akwai sharaɗin cewa ana iya tura shi ko'ina a ƙasa, canjin wuri umarni ne. In babu, sai da yardarsa, kuma wanda kujerarsa ta tashi ya ƙi bi, rage ma'aikata ne ba murabus ba, da haƙƙoƙinsa. Matsa wa mutum ya rubuta takardar ajiye aiki hanya ce ta zuwa kotun ma'aikata ta ƙasa. Wajen rage ma'aikata, dokar ƙwadago ta ce a sanar da ƙungiyarsu, a bi na ƙarshen shigowa shi ne farkon fita, tare da duba ƙwarewa. Fansho ba ya canzawa, kashi 10 na kamfani, 8 na ma'aikaci.

Albashin Kano ba ya riƙe gida a Legas. Ko gwamnatoci sun nuna haka a 2024, Kano ta sa mafi ƙarancin albashi naira 71,000, Legas 85,000, kuma tazarar haya da mota ta fi wannan nesa. In ba a ba da kuɗin hayar shekarar farko da na dillali da na kwasar kaya ba, magidanci zai bar iyali a Kano, ya kama ɗaki a Agege ko Idi-Araba, ya riƙa neman hutu kowane wata, cikin shekara ya gaji ya koma. A ware ƙarin a matsayin alawus na zaman Legas, kada a narka shi cikin albashi, in ba haka ba na Sharaɗa za su ga an yi 'yan bora da 'yan mowa. Matan aure da yawa ba za su iya tasowa ba, kuma sau da yawa su ne riƙe da lissafi da fayiloli, a tanadi wata 2 ko 3 na miƙa aiki. Masu yara a bar su sai Agusta, kafin makarantu su koma a Satumba.

Wurin ofis kuma, kamfani irin wannan Ikeja ya dace da shi ba Tsibiri, wato su Ikoyi da Victoria Island, ba. Filin jirgi yana kusa, tafiyar Kano awa ɗaya da rabi ce, masu sayenku suna nan, jirgin ƙasan Red Line da ya fara a 2024 yana tsayawa Agege da Ikeja. A je duba gini a Yuni ko Yuli bayan ruwan sama mai ƙarfi, gani ya kori ji.

Sai zaman ofis ɗin kansa. A ware ɗakin salla da wurin alwala tun a zanen ofis, a hana sa taro daga 1 zuwa 3 ranar Juma'a, a rubuta lokacin tashi na azumi. Kuma shugaba ya san wannan: yaron Arewa ba ya katse na gaba da shi a taro, sai a ɗauka bai san aiki ba. Ɗan Legas yana faɗin ra'ayinsa kai tsaye, sai a ɗauka rashin kunya ne. A riƙa kiran kowa da suna ya faɗi nasa, ko a nemi ra'ayi a rubuce kafin taro.

Bakanon Ikeja

Allah ya saka da alheri. Abin da na fahimta, shugaba da sashen kuɗi da masu kula da manyan masu saye da tashar ruwa su taso, saye da bashin diloli su zauna. To ya za a hana wanda aka bari a Kano zama ɗan aike, ko kuma ya zama sarkin kansa?

Lauyan Obalende

Da ƙudurin daraktoci mai lambobi a ciki, Malam. A naɗa babban darakta mazaunin Kano, ba manajan reshe ba, wanda diloli za su gani su san sun ga mai magana. A rubuta iyakar bashin da zai iya ba kowane dila shi kaɗai, da jimillar da ba za ta wuce ba, da kwanakin biya. A rubuta kuɗin saye na kaka da farashin da in an haura shi sai ya kira, kuma wanda zai kira mutum ɗaya ne, da wa'adin amsa na awa 2, in bai amsa ba an amince. A kai wannan ƙudurin banki a gyara masu sa hannu, a bar asusun saye a reshen Kano. Shi kuma duk bashin da ya bayar da baki ya shiga kwamfuta a ranar, dila ya sa hannu a takardar ɗaukar kaya, wannan ba ya ɓata wa kowa rai domin an saba da shi. Mai binciken cikin gida ya riƙa zuwa duk wata 3, taron daraktoci a riƙa yin ɗaya a Kano ɗaya a Legas, na Kano a sa shi kafin kaka.

Adireshin CAC kuwa a bar shi Sharaɗa shekarar farko. Ofishin Ikeja ya fara a matsayin reshe da mutum 8 zuwa 10, hayar shekara 2. In an ga zaman ya kama, sanarwar kwana 14 ce kawai ta rage.